Yadda Ake Raya Boka Mai Gyaɗa Uku

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakai taran nan yadda na jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari bokanka zai shiga yaƙi ya fito da ƙafafunsa. Ni ne Kalilu, malamin duba katin rigakafi a bakin iyakar Jibiya. Bokaye goma sha ɗaya na binne cikin wata bakwai, saboda haka duk ƙasar Katsina babu wanda ya kai ni sanin ƙofar da mutuwa take bi ta iske boka.

Kafin ka kai ƙarata wurin liman, bokan da nake nufi na takarda ne. A shekarar 1978 kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, sai ta ɗauki Habila, wani ɗan kwastan mutumin Kagoro da muke aiki tare, ta tura shi Amurka kwas na wata uku ya koyo binciken jirgin ruwa. Ya koyo tsaf, aka dawo da shi Jibiya, inda in rani ya yi babu ruwan da ya fi na randar Inna Luba mai tuwo zurfi. Bayan ilimin jirgi, ya dawo da wani ɗan littafin wasa da ɗan lido mai fuska ashirin, kamar an sassaƙa ƙwallon goruba.

Ga yadda wasan yake. Mutum ɗaya shi ne mai labari, wato Habila. Shi yake faɗin inda kuke, da kogon da kuka shiga, da dodon da ya tare hanya. Sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan lido, in ya nuna lamba babba ka dace, in ƙarama ce ka shiga uku. Ran kowa da ƙwayar gyaɗa muke auna shi. In aka sare ka a ɗebe, in ta ƙare ka mutu. Ba caca ba ce, domin a caca akan samu wanda ya ci wani abu. Tsakanin azahar da la'asar muke yi, a rumfar Inna Luba, lokacin da rana ta kwantar da direbobi a ƙarƙashin motocinsu.

Mataki na ɗaya: Kada ka zo a makare

Ranar da aka raba matsayi, wani direba ya tsare ni da gardama a kan katin rigakafi mai ɗauke da sunan wansa. Ko da na iso rumfa, Inna Luba ta ɗauki jarumi mai gatari, ta sa masa suna Kwankwatsa. Manu, ma'aikacin duwan na Ɗan Isa, wato kwastan ɗin Nijar, wanda yake haurowa a mobilet ɗinsa, wato ɗan ƙaramin babur, duk lokacin hutunsu na rana, ya ɗauki ɓarawo. Ya ce yana son ya san aikin ta ɗaya gefen.

Na ce, "Saura me?"

Habila ya ce, "Saura babban matsayi, Malam Kalilu. Boka. Shi ne mai karatu. In ya girma, wuta zai riƙa saukarwa daga sama."

Ban kula da kalmar "in" ba. Kai ka kula da ita.

Ya ƙirga wa Inna gyaɗa goma sha biyu, Manu shida, ni uku. Na ɗauka somin taɓi ne, na bar hannuna a miƙe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Karatu yana cin jiki."

Na tambayi sulke, ya ce ƙarfe yana ɓata sihiri. Na tambayi takobi, ya ce boka bai iya ba. Abin da aka ba ni sanda ce da riga mai faɗi, sai sihiri ƙwaya ɗaya a rana, na sa abokan gaba barci, kuma da ka karanta shi ya fice daga kanka sai gobe.

Inna Luba ta leƙo takardata, ta ce, "Ɗan nan, wannan ai majinyaci aka ba ka da sanda."

Saboda haka ka zo da wuri ka ɗauki gatari. In kuwa ka riga ka makara, ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: Kada ka ɗora masa suna mai nauyi

Bokana na farko na sa masa Girgizar-Ƙasa. Kwana biyu na yi ina rubuta tarihinsa a bayan tsofaffin katuna: ubansa, malaminsa, dutsen da ya yi shekara bakwai a kai yana karatu. Ranar da muka fara, muka isa bakin wani kogo, Habila ya ce ga gafiya nan ta fito.

Na ce, "Zan kore ta da sanda."

Na jefa ɗan lido, ya nuna biyu. Habila ya jefa wa gafiya, ya nuna goma sha tara. Ya miƙo hannu ya kwashe gyaɗata duka uku.

"Gafiya fa, Habila?"

"Babba ce."

Girgizar-Ƙasa bai ga cikin kogon ba. Tun daga ranar na gane cewa suna kaya ne, kuma mai gyaɗa uku ba ya ɗaukar kaya. Masu iya magana sun ce tulun da ya san na ƙasa ne ba ya kirari a bakin rijiya. In ba su ce ba, ya kamata su ce.

Mataki na uku: Ka san inda za ka tsaya

Kada ka tsaya a gaba. Boka Tsinke ya tsaya a gaba don ya haska hanya, kibiya ɗaya ta isar da shi.

Kada ka tsaya a baya. Boka Lumana ya tsaya can baya yana jin daɗin wayonsa, ashe dodanni su ma sun san inda masu wayo suke tsayawa.

Sai ka ce to, tsakiya ke nan. Haka Boka Sulhu ya ce. Ya laɓe daidai bayan Kwankwatsa, kamar kaza a gindin rumbu. Inna Luba ta miƙe tsaye da muciya a hannu, domin ita ba ta iya faɗa a zaune, ta ce, "Na ɗaga gatari har baya, na sauke shi a kan babban nasu!" Ta jefa ɗan lido, ya nuna ɗaya. Habila ya duba littafi, ya dube ni, ya sake duba littafi.

Ya ce, "Inna, gatarin ya je baya dai. Bai dawo ba tukuna."

Ta ce, "Allah sarki. Wa ya ce ya tsaya nan?" Ta ƙara mini nama ɗaya a miya ranar. Ita ce diyyar da na taɓa karɓa.

Wurin tsayuwar boka shi ne tsakiya, ɗan gefe kaɗan, a tsugune, yana kallon kowa da zargi.

Mataki na huɗu: Sihirinka ɗaya ne, kada ka yi saurin kashe shi, kada kuma ka yi jinkiri

Boka Gaggawa ya ji motsi a duhu ya saki sihirinsa. Da aka haska, jakin da ke ɗauke da guzurinmu ne ya kwanta yana minshari. Dodannin gaske suka iso bayan an gama dariya.

Na ɗauki darasi. Boka Dangana ya riƙe nasa kamar tsohuwa da ƙullin goro. Aka yi faɗa na farko bai karanta ba, na biyu bai karanta ba, yana jiran babbar rana. A na uku dutse ya faɗo masa daga rufin kogo, aka binne shi da sihirinsa sabo fil, ko ɓare shi ba a yi ba.

Lokacin da ya dace yana tsakanin waɗannan biyun. Za ka gane shi da zarar ya wuce.

Mataki na biyar: Ka tsare gyaɗarka daga abokai

Boka na bakwai, Natsuwa, shi ne na farko da ya kwana uku a raye. Na fara yi masa kallon ɗa. Rana ta huɗu muna tsaka da shawarar yadda za a haye wata gada, Manu yana bayani da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana yawo a kan tebur. Na duba gabana na ga wayam, bakin Manu yana motsi.

"Manu! Ran mutum ka ci!"

Ya tsaya da tauna. "Mi ya hwaru? Walle na ɗauka ta ci ta."

Na ce a mayar mini da wata. Habila ya gyara zama irin na alƙali, ya ce doka ɗaya ce tun farko, in gyaɗa ta ƙare mutum ya mutu, kuma littafi bai faɗi ta wace hanya za ta ƙare ba. Aka rubuta cewa ciwon ciki ne ya ɗauke Natsuwa a bakin gada.

Ka sa gyaɗarka a ƙarƙashin hula, ka ɗora gwiwar hannu a kai. Uku da suka biyo baya duk hannun maƙiya ne ya kashe su, ban da wanda ya faɗo daga kan jaki, kuma wannan ci gaba ne.

Mataki na shida: In ya mutu, a yi makoki ƙasa-ƙasa

Wannan matakin da gaske nake yi, ka saurara.

Ranar da na goma sha ɗaya ya faɗi, Inna Luba ta tafa hannu ta ɗaga murya yadda ta saba, "Inna lillahi! Kalilu ya tafi! Yanzun nan muke magana da shi, kibiya ta same shi a wuya!" Manu ya cire hularsa ya ce Allah shi jiƙan rai. Ni kuwa haushi ya sa na tashi na shige ofis na rufe ƙofa. Ashe Nagoggo, direban a-kori-kura da ke jigilar Bugaje, garinmu, ya tsaya a bayan rumfa yana zuba ruwa a mota. Bai tambayi kowa ba, ya tayar da mota.

Washegari da hantsi ina buga hatimi a katin wani Buzu, sai na ji kuka yana matsowa. Motar Nagoggo ce cike da matan unguwarmu, da tabarmi, da buhun gero na sadaka. A gaba ga Yaya Salmatu, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta sayar da ƙuli-ƙuli ta kai ni makaranta. Ta sauko ba takalmi. Idanunta sun kumbura har ba ta ganin gabanta sosai. Ta nufo ofis ta karɓi gawa, ta same ni da hatimi a hannu.

Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta kama fuskata da hannu biyu, ta taɓa wuyana ta wannan gefe, ta taɓa ta wancan, tana neman inda kibiyar ta shiga. Sannan ta zauna a ƙasa. Na durƙusa gabanta, na rasa ta inda zan fara gaya mata cewa wasa ne da gyaɗa. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Habila ne ya zo ya tsuguna, ya cire hular kwastan, ya yi mata bayani tun daga Amurka har gafiya. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Sau nawa ke nan yana mutuwa?"

"Goma sha ɗaya, Yaya."

"Kuna zaune?"

Inna Luba ta duƙar da kai tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Yaya ta share fuska da bakin zane, ta ce, "A cikin wasan naku babu mai magani?"

Habila ya ce akwai, ba a dai samu mai ɗauka ba.

"An samu."

Geron sadaka kuwa aka yi fura da shi, matan suka sha suka koma, suna yi wa Nagoggo addu'o'in da ba zan rubuta ba.

Mataki na bakwai: Ka nemi mai magani daga cikin dangi

Bare zai warkar da wanda ya fi amfani. Ɗan'uwa kai zai warkar, ko duniya za ta tashi.

Daga ranar, duk Talata Yaya Salmatu takan bar suyar ƙuli ta hau motar Nagoggo, wanda ba ya karɓar ko sisinta saboda nauyin laifi. Abu na farko da ta yi shi ne hana ni zaɓar suna.

Ta ce, "Wannan wabi ne. Gidan da 'ya'ya suke mutuwa a jere ba a sa wa jariri suna mai kyau. Ajuji za a ce masa, mutuwa ta ɗauka shara ce ta wuce."

Boka Ajuji ke nan, na goma sha biyu.

Mai maganinta tana iya mayar da gyaɗa biyu sau biyu a rana, kuma duka biyun Ajuji take ajiye wa. Wata rana Kwankwatsa ya dawo daga faɗa da gyaɗa ɗaya tal, Inna Luba ta ce, "Salmatu, ki dube ni mana, jini nake zubarwa." Yaya ta ce, "Ki daure, Inna, ke babba ce. Yaron nan ƙaya ta soke shi."

Ta kuma gwada wata dabara da ba na ba ka shawarar ta. Takan zo da gyaɗa a ƙulle a bakin zane, in hankali ya tafi wani wuri ta tura ɗaya ƙarƙashin hulata. Ta manta wanda yake riƙe da labarin. Habila ya ɗaga hular da bakin fensir, ya ce, "Yaya, shekara tara ina kama masu fasa-ƙwauri. Wannan gyaɗar Bugaje ce, ta fi tamu ja." Ya ƙwace, ya ci a gabanta. Ta ce ko ba komai ya san gyaɗa.

Ajuji ya yi wata biyu a raye. Yana tafiya a tsugune, ba ya taɓa ƙofa, ba ya gaisawa da baƙo, ba ya hawa jaki. Saura yaƙi ɗaya ya samu ƙarin girma, abin da ko ɗaya cikin 'yan'uwansa bai gani ba.

Sai takarda ta zo daga hedikwata. Wani ya tuna cewa Habila ya iya binciken jirgin ruwa, an mayar da shi Fatakwal.

Mataki na takwas: In abu ya ɓaci, ka gudu

Wannan shi ne uban matakai. Boka ba shi da abin kunya a gudu, rigarsa ma don iska ta ɗauke shi aka yi ta da faɗi.

Talatar ƙarshe, motar kayan Habila tana tsaye a bakin hanya an ɗaure katifa da kujeru, matarsa Rut tana zaune a gaba tana fifita da kwali. Ya ce ba zai tafi ya bar labari a rataye ba. Tun watanni muke neman wani ƙaton maciji mai fukafukai, mai hura wuta, wanda ya tare hanyar fatake a tsakanin duwatsu yana karɓar raƙumi ɗaya cikin kowane goma. Da Manu ya fara jin labarinsa cewa ya yi, "Wanga ai abokin aiki na."

Muka same shi. Hurawa ɗaya ya yi, gyaɗar Kwankwatsa tara suka tafi. Ya kaɗa wutsiya, saura ɗaya. Ɓarawon Manu ya ce zai zagaya ta baya, ya zagaya har ya ɓace. Mai maganin Yaya ta riga ta ƙarar da maganinta tun da safe a kan tuntuɓen da Ajuji ya yi, amma duk da haka ta shiga tsakaninsa da wutar, aka kwashe nata, ya rage mata biyu.

Habila ya ce, "Ajuji yana bakin wata 'yar hanya. In ya juya yanzu, zai tsira shi kaɗai. Malam Kalilu, me za ka yi?"

Yaya ta ce, "Gudu, Kalilu. Ban sha zirga-zirgar wata biyu don ka tsaya ba."

Inna Luba ta ajiye muciya, ta ce, "Tafi abinka, ɗan nan. Mu mun ci zamaninmu."

Na ɗaga hula na dubi gyaɗata uku. Na dubi ɗaya tilo a gaban Inna, da biyu a gaban matar da ta zo karɓar gawata ba takalmi.

Na ce, "Ajuji ya miƙe tsaye."

Wata biyu rabon da ya miƙe, har na ji gwiwoyinsa a nawa.

"Ya fito gaba. Zai karanta sihirin barci."

Habila ya ce, "Irin wannan maciji sihirin ƙaramin boka ba ya kama shi, sai in ɗan lido ya nuna ashirin cif. In ba haka ba, toka za a kwasa."

"Na ji."

Ka ga dai na karya matakin da kaina. Kai kada ka karya. Ni gwani ne.

Mataki na tara: Ka jefa da ƙarfi, kuma ka tanadi shaida a ƙasar waje

Na jefa ɗan lidon da haushin mutum goma sha ɗaya. Ya daki tiren Inna, ya yi sama, ya fice daga rumfa, ya faɗa bayan wata babbar motar siminti da aka ɗage wa sandar shinge a daidai lokacin. Motar ta wuce Nijar, sanda ta sauko.

Na ce a ari ɗan lido a sake.

Habila ya ce, "Wane ɗan lido? Irinsa babu daga nan har Legas. Kuma doka ta ce inda ya faɗi nan ake karanta shi."

Manu ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya kafa hular aiki. "Kamiyon ga dole shi tsaya gabana a Ɗan Isa. Kowa shi zamna inda yake." Ya buga mobilet ya bi ƙurar motar.

Muka zauna. Yaya ta kife ƙwarya a kan gyaɗar da ke teburin saboda kaji. Aka kira la'asar muka yi, muka dawo. Rut ta gaji da fifita ta sauko, Inna ta zuba mata tuwo, ta ci tana tambayar wane ne Ajuji da har ya tsayar da tafiyar Fatakwal. Da aka gaya mata, ita ma ta ja kujera.

Habila ya matso kusa da ni a kan benci. Ya ce, "Ka san a can Amurka ni ma boka aka ba ni? Ni ma a makare na zo. Sau takwas na mutu. Wata guda na yi a can babu wanda ya iya faɗin sunana, sai da na fara mutuwa a teburinsu suka koya."

Na ce, "Shi ne ka zo ka rama a kaina."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Kullum ina cewa gobe ba za ka dawo ba. Sai in gan ka da sabon suna a bayan kati. Ban san wa zan riƙa kashewa a Fatakwal ba."

Na ce masa ya kula da sauron can.

Rana ta yi ja sannan muka ji kukan mobilet. Manu ya sauko fari fat da siminti tun daga hula har takalmi, kamar an tono shi. Ya ce buhu arba'in ya sa aka sauke. Ya zaro wata takarda daga aljihu, rubutun Faransanci, da hatimi uku, ya ajiye a kan ƙwaryar.

Ya ce, "Ashirin."

Habila ya ce, "Ina ɗan lidon?"

"An riƙe shi. Ya shiga ƙasa ba takardu."

Habila ya ɗauki takardar ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Duk cikinmu babu mai karanta Faransanci sai wanda ya kawo ta. Ya daɗe yana kallon Manu, Manu yana kallon rufin rumfa. Sannan ya miƙe ya ƙame.

"Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba na jayayya da hatimi. Maciji ya yi hamma. Ya lumshe ido. Ya kife a kan duwatsu yana minshari har ƙasa tana rawa."

Inna Luba ta yi guɗa ta ɗauki muciya, ta ce kowa ya kauce daga bayanta, ta sare kan. Yaya Salmatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ban kuma tambaya ba. Direbobin da suka taru suna kallo suka yi ta tafi, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba.

Habila ya ce Ajuji ya samu ƙarin girma. Ya laluba aljihun kakinsa ya fito da gyaɗa ɗaya, ya ajiye kusa da ukun. Huɗu. Ya ba ni hannu, ya durƙusa ya gaida Inna da Yaya, ya hau mota. Muna tsaye har ta sha kwanar Katsina.

Yau shekara guda ke nan Ajuji yana raye, lafiyarsa ƙalau, ko ƙaya ba ta soke shi ba. Ba a sake wasa ba, domin babu mai labari, babu ɗan lido. Gyaɗarsa huɗu suna cikin wata kwalbar magani a aljihun teburina. Yaya tana zuwa duk Talata har yanzu, mu ci tuwo da ita da Manu a rumfar, wani lokaci ta ce in fito da kwalbar ta gani.

Ba ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan bokansa ya mutu, shi ya sani. Ba ruwana, ba ruwan ofishinmu, ba ruwan gwamnatin Nijeriya ko ta Nijar. In gatarin abokinka ya same ka, ku sasanta a gida. In danginka suka zo makoki, kai za ka ciyar da su. Ban ce ka jefa kayan wasa cikin motar mutane ba, labari kawai na ba ka. In kuma ka zo kana tambayata ko da gaske ɗan lidon ashirin ya nuna, ni ban je Ɗan Isa ba. Takarda nake da ita. Kwanan baya wani malamin makaranta daga Maraɗi ya zo wucewa, na nuna masa ita ya karanta mini. Ya gyara tabarau, ya bi ta layi-layi, ya ce wannan izinin fitar da akuya huɗu ne, kuma wa'adinsa ya ƙare tun bara waccan. Na karɓi takardata na ninke, na buga masa hatimi a katinsa, na ba shi shawara ya koma makaranta, domin Faransancinsa da saura.